Me ya haɗa ciwon mahaifa da huhu, kuma me ya sa likita ke rage wa majinyaci oksijin?

Tambaya daga wani malamin kimiyya a makarantar sakandare, Argungu: "Likita, ƙanwata ta haihu a gida. Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya rufe ta, ga jini mai wari. Muka kai ta asibiti a Birnin Kebbi, aka ce ƙwayoyin cuta sun shiga jininta daga mahaifa. Kwana biyu da kwantar da ita numfashi ya sarƙe, hoton ƙirji ya nuna huhun duka biyu sun yi fari, alhali ko tari ba ta yi kafin nan. Allah Ya tashi kafaɗunta. Amma abu uku sun tsaya mini a rai. Me ya haɗa mahaifa da huhu? Me ya sa likita ke rage mata oksijin da zarar ta ɗan farfaɗo, har ya yi mana faɗa da muka ƙara? Kuma na karanta cewa oksidetif sitires ne ke lalata huhu a irin wannan ciwo, to da an ba ta bitamin C mai yawa ko zogale, da bai hana ba?"

Malam, sannu da jinya. Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya raya abin da aka samu. Da yake kimiyya kake koyarwa ba zan tauye maka bayani ba, zan kira sinadaran da sunayensu. Tambayoyin naka uku wuri ɗaya amsarsu take komawa. Yawancin raunin da huhun ƙanwarka ya ji, makaman jikinta ne suka yi shi a lokacin da suke faɗa da cutar da ta shiga jini, kuma makaman nan da iskar oksijin ake ƙera su.

Sai an san yadda huhu yake sannan a gane dalilin da ya sa shi ke fara shan wuya. A ƙarshen hanyoyin iska akwai 'yan jakunkuna ƙanana, kimanin miliyan 480 a jikin baligi, kowace ɗaya jijiyoyin jini sirara sun lulluɓe ta. Bangon da ya raba iska da jini a wurin bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, kuma dole ya zama haka, don in ya yi kauri oksijin ba zai ratsa ba. Cikin jakunkunan ana son ya kasance kusan a bushe, in ban da wani ɗan shafe mai santsi da ake kira safaktan, wanda ke hana su lotsewa idan mutum ya fitar da numfashi. Sannan duk jinin da zuciya ta harba sai ya bi ta huhu kafin ya koma sauran jiki. Ƙoda kasonta take samu, hanta ma haka, huhu kuwa duka yake karɓa. Saboda haka duk dafin da ya shiga jini, daga mahaifa ya fito ko daga hanjin da taifot ya huda ko daga cinyar da mota ta murƙushe, sai ya goga jikinsa da wannan bango.

Ciwon da ka kwatanta shi likitoci ke kira ARDS, wato gazawar numfashi mai tsanani da ke zuwa farat ɗaya. A 1967 David Ashbaugh da Thomas Petty da abokan aikinsu a birnin Denba na Amurka suka ba da rahoton majinyata 12 waɗanda abin da ya kwantar da su ya bambanta, wani haɗari, wani cutar bairos, amma huhunsu ya lalace iri ɗaya: haki, oksijin ya ƙi shiga jini ko an ba da shi, huhu ya yi tauri, hoton ƙirji ya yi fari gefe biyu. A 2012 aka yi ma'aunin Balin wanda ya kasa ciwon gida uku, mai sauƙi, matsakaici da mai tsanani. Matsalar ma'aunin a wurinmu ita ce yana buƙatar gwajin iskar cikin jini, abin da asibitocinmu da dama ba su da shi. Likitoci a Kigali ta Ruwanda suka fito da hanya mai sauƙi a 2016, kuma kai ma za ka iya lissafinta. A ɗauki lambar da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna, a raba da kason oksijin da ke cikin iskar da mutum ke shaƙa. Mai lafiya da ke nuna 97 a iskar Allah, wadda oksijin ɗinta kashi 21 ne cikin 100, wato 0.21, zai ba ka kusan 460. Wanda ke nuna 90 alhali ana ba shi kashi 40, lissafinsa 225 ne. Daga 315 zuwa ƙasa, idan huhu biyu sun kamu kuma ba zuciya ce ta gaza ba, to ana maganar ARDS. Wani babban bincike da aka wallafa a 2016 daga ƙasashe 50 ya gano cewa kusan ɗaya cikin goma na masu kwanciya a ɗakin kulawa ta musamman wannan ciwo gare su, kuma mace-macen sun kama daga kusan kashi 35 cikin 100 a mai sauƙi zuwa kashi 46 a mai tsanani. Ka ga ƙanwarka ta tsallake rijiya da baya.

Yanzu ga yadda abin ke faruwa. Idan bakteriya suka shiga jini, jiki yakan saki sinadaran kiran gaggawa da ake kira saitokayin. Masu saurin amsa kiran su ne fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, su suka fi yawa cikin sojojin jini. Nutrofil ya fi da yawa daga jijiyoyin huhu kauri, kullum sai ya lanƙwashe jikinsa yake wucewa. Da zarar an zuga shi sai ya sandare, ya yi danƙo, ya maƙale. Cikin sa'o'i kaɗan sai su taru a huhu cunkus, a fusace, alhali abokan gabar suna can mahaifa.

Makamin nutrofil na farko wani enzayim ne, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, mai suna NADPH oksides. Aikinsa ya ɗauki lantarki ɗaya, wato ilektiron, ya liƙa wa oksijin. Oksijin da aka ƙara wa ilektiron ɗaya ya zama sufa'oksayid, kuma daga nan ba shi da natsuwa, neman abin da zai haɗu da shi yake. Sufa'oksayid yana rikiɗa ya zama haidrojin feroksayid, irin ruwan nan da ake zuba wa gyambo ya yi kumfa. Sai enzayim na biyu, mayelofaroksides, ya haɗa haidrojin feroksayid da kulorayid na gishirin jiki, ya fitar da asid ɗin haifokuloros, wanda shi ne ke aikin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan Hypo ko Jik da mata ke jiƙa fararen kaya. A zahiri bilic nutrofil ke haɗawa. Mayelofaroksides ɗin nan kore ne, shi ke ba kakin mai nimoniya da mugunya launin da ka sani.

A ƙa'ida nutrofil haɗiye ƙwayar cuta yake, ya rufe ta cikin wata 'yar jaka a cikinsa, sannan ya zuba mata dafin. Kuma kada ka ɗauka wannan dafi kuskure ne na halitta. Akwai yaran da ake haifa NADPH oksides ɗinsu ba ya aiki, kuma rayuwarsu daga wannan maruru sai wancan, daga nimoniya sai ƙurjin hanta, don nutrofil ɗinsu yana haɗiye cuta amma ba ya iya kashe ta. Ka riƙe wannan, zai dawo a maganar bitamin. Abin da ya faru da ƙanwarka shi ne dafin ya zuba a waje, a kan bangon da na ce bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba.

Nutrofil ba shi kaɗai ba ne. Maitokondiriya, inda kusan kowace ƙwayar jiki ke ƙona abinci da oksijin, kullum tana ɗan yoyon sufa'oksayid, kuma in ta ji rauni yoyon yakan ƙaru. Akwai zantin oksides, wanda ke tashi aiki idan jini ya yanke wa wani sashe na jiki sannan ya dawo, kamar macen da ta zubar da jini sosai bayan haihuwa aka farfaɗo da ita. Akwai enzayim mai yin naitirik oksayid, wanda kumburi ke sa shi ya yi ta zubarwa, kuma idan naitirik oksayid ya gamu da sufa'oksayid sukan haifi feroksinaitirait, wanda ya fi su biyun ɓarna. Mafi muni shi ne inda ƙarfe ya kuɓuce daga jajayen ƙwayoyin jini da suka fashe ya gamu da haidrojin feroksayid. Abin da ke fitowa, haidroksil, duk abin da ya taɓa nan take yake lalatawa, kuma jiki ba shi da wani enzayim na kama shi. Dabarar jiki kawai ita ce ya hana a yi shi tun farko, ta hanyar kulle ƙarfe da share feroksayid. Duk waɗannan su nake kira ɓurɓushin oksijin, kuma oksidetif sitires da ka karanta ba komai ba ne illa lokacin da yawansu ya fi ƙarfin masu share su.

Ɓarnar tasu ta farko a kan kitse take. Fatar kowace ƙwayar jiki da kitse aka yi ta, kuma abin da ke samun man gyaɗa idan ya daɗe a buɗe har ya canza wari da ɗanɗano, shi ke samun wannan fata, sai dai na kwalba watanni yake ɗauka, na huhu sa'o'i. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyi sai su tsuke, mahaɗarsu ta buɗe, ruwan jini mai ɗauke da furotin ya kwarara cikin jakunkunan iska. Farin da kuka gani a hoto ke nan. Safaktan ya lalace, jakunkuna su lotse. Huhu yana da 'yan famfunan sodiyam da ke janye ruwa daga cikin jakunkuna, su ma ɓurɓushin kan raunana su. Ruwa na shiga, mai kwashewa ya kwanta. Jini yana ta wucewa ta gefen jakunkunan da babu iska a cikinsu, ya koma jiki yadda ya zo, shi ya sa za a ɗaura wa mutum oksijin lambar ta ƙi tashi yadda ake so. Kuma an auna abin a jikin mutane, ba a ɓeraye kaɗai ba. Tun shekarun 1980 aka gano haidrojin feroksayid ya yi yawa a numfashin da masu ARDS ke fitarwa.

Wurin da ni na fi ganin muguntar ciwon shi ne haɗin bakin da ke tsakanin ɓurɓushin nan da wani enzayim daban, elastes. Shi elastes nama yake yankawa. Yana datsa elastin, zaren da ke sa huhu ya miƙe ya dawo, yana datsa wasu furotin da ke riƙe da bangon jijiyoyi. Nutrofil na ɗauke da shi don narkar da ƙwayoyin cuta. Da yake yana da haɗari, hanta takan ƙera masa takunkumi, wani furotin mai suna alfa-1 antitirifsin, wanda ke yawo cikin jini da ruwan huhu yana kama duk elastes da ya fito. To a daidai bakin da alfa-1 ke kama elastes akwai wani amino asid guda, wato tubalin ginin furotin, mai suna metiyonin, a gurbi na 358. Asid ɗin haifokuloros yana taɓa wannan metiyonin ɗin, takunkumin ya kusan daina aiki. Wato nutrofil da kansa yake kashe mai tsaron, sannan ya saki mai yankan. Bilic ɗin nan kuma yana tayar da wasu enzayim masu cin kolajin waɗanda da a kwance suke. Gutsattsarin naman da aka yanka su kuma su kira ƙarin nutrofil. Shi ya sa ko an ba da maganin da ya kashe bakteriyar yau, huhu kan ci gaba da lalacewa na wasu kwanaki, kuma 'yan uwa su yi zaton maganin ne bai karɓe ta ba.

Masu sharewa su ma enzayim ne. Na farko SOD, wato sufa'oksayid dismutes, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a 1969 a Jami'ar Duke. Yana mayar da sufa'oksayid haidrojin feroksayid. Iri uku ne: ɗaya a ruwan cikin ƙwaya mai aiki da tagulla da zinki, ɗaya a maitokondiriya mai aiki da manganis, na uku a wajen ƙwaya, kuma huhu na daga cikin sassan da suka fi tara wannan na ukun. Lura da cewa SOD shi kaɗai bai gama aiki ba, dafi ya mayar wani dafi. Sai katales ya karɓa ya mayar da feroksayid ruwa da oksijin, kuma yana cikin enzayim mafiya sauri da aka sani, ƙwaya ɗaya tana sarrafa miliyoyi a daƙiƙa. Kumfan da feroksayid ke yi a kan gyambo aikinsa ne. Sai gulutatayon feroksides mai aiki da seleniyam, wanda ke share feroksayid da kuma kitsen da ya fara lalacewa, yana amfani da gulutatayon. Ruwan da ke shafe cikin huhu yana da gulutatayon fiye da na ruwan jini sau ɗari da wani abu, kuma a masu ARDS an tarar ya ragu ƙwarai. Gulutatayon da ya yi aiki sai an sabunta shi da NADPH, wani sinadari mai dakon ilektiron, wanda babbar hanyar samunsa ita ce enzayim ɗin G6PD. Ƙarancin G6PD gado ne da ya yawaita a Najeriya, musamman a maza, kuma yana cikin dalilan da ke sa wasu jarirai yin shawara idan aka sa ƙwallon kafur a kayansu.

Masu sikila suna da nasu babi a nan. Jajayen ƙwayoyinsu na yawan fashewa, suna zubar da him, sinadarin nan mai ɗauke da ƙarfe da ke ba jini launin ja, har furotin da ke kwashe shi su ƙare. Wannan na cikin abin da ke rura ciwon ƙirji mai tsanani da ke kai su asibiti da zazzaɓi da haki. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma kan taɓa huhu, wani lokaci bayan an fara magani.

Yanzu maganar oksijin. Likitan nan da ya yi muku faɗa yana da gaskiya. Duk makaman da na lissafa, in ban da elastes da 'yan uwansa masu yankan nama, da oksijin ake yin su, kuma enzayim ɗin da ke share su an daidaita su ne da iskar da ke da kashi 21. Idan aka cika huhu da kashi 80 ko 100 na kwanaki, maitokondiriya takan ƙara yoyo, masu sharewa kuwa a majinyaci irin ƙanwarka sun riga sun gaji. An daɗe da sanin haka. A 1899 James Lorrain Smith ya nuna cewa dabbobin da aka ajiye cikin oksijin mai yawa huhunsu na kumbura ya cika da ruwa. A 1954 Rebeca Gerschman, 'yar ƙasar Ajantina, ta kawo hujjar cewa gubar oksijin da ƙunar hasken eksire hanyarsu ɗaya, wato ɓurɓushin nan. Ko mai lafiya aka ba shi zallar oksijin, kafin ya yi kwana guda yakan fara jin zafi a tsakiyar ƙirji da tari. A shekarun 1940 zuwa 1950 dubban bakwaini a Turai da Amurka sun makance saboda oksijin da aka cika musu ba awo.

Akwai kuma abin da masu jinya ba su cika sani ba. Idan na'urar yatsa ta nuna 100 ga wanda ke kan oksijin, ta kai maƙura ne, ba ta iya gaya maka ko rarar kaɗan ce ko ta ninka. Shi ya sa muke rage iskar har lambar ta zauna a wajen 92 zuwa 96, don mu ga abin da muke yi. A masu ARDS da ke kan na'urar numfashi akan yarda da ƙasa da haka kaɗan. Ban da haka, silindar da ake buɗewa har ƙarshe da wuri take ƙarewa, kuma ka san yadda tsakar dare take a asibitocinmu.

Sai dai zan ja kunne, don kada wani ya karanta wannan ya hana a sa wa ɗansa iska. A Kebbi da maƙwabtanta rashin oksijin ya fi yawansa kisa nesa ba kusa ba. Yaro mai nimoniya da lambarsa ta sauka ƙasa da 90 yana buƙatar oksijin nan take, ba jayayya. Matse hannu da yawa ma yana da nasa haɗari. A 2020 an dakatar da wani gwaji a Faransa da ya riƙe masu ARDS a 88 zuwa 92, bayan an ga wasu a rukunin jini ya yanke wa hanjinsu. A wannan shekarar kuma wani bincike a Amurka ya nuna na'urar yatsa kan nuna lamba sama da ta gaskiya a masu baƙar fata fiye da farare. Don haka ni ba na son ganin majinyacinmu yana zaune a bakin iyaka ta ƙasa. Oksijin magani ne mai awo, kamar insulin. Makunnin silinda ba na mai jinya ba ne, in ka ga hakin ya ƙaru ka kira ma'aikaciyar jinya.

Tambayarka ta uku mu ma mun yi ta, kuma an kashe kuɗi da shekaru a kanta. A takarda abin ya yi daidai: tunda ɓurɓushi ne ke ɓarna, a zuba abin da zai share su. An gwada N-asetilsistin, wanda jiki ke yin gulutatayon da shi, kuma shi ne ke ceton hantar wanda ya sha farasitamol fiye da kima. A gwaje-gwajen shekarun 1990 bai rage mace-macen ARDS ba. An gwada abinci mai man kifi da bitamin ta bututu, aka dakatar da gwajin don ba amfani. An gwada seleniyam a masu cutar jini, bai rage mutuwa ba. An ƙera maganin toshe elastes, sibelestat, ana amfani da shi a Japan, amma babban gwajin ƙasashe da dama da aka wallafa a 2004 bai nuna ceto ba. Bitamin C ta jijiya kuwa, gwajin 2019 a Amurka mai majinyata 167 bai gyara abin da aka tsara aunawa ba. Sai na 2022 mai majinyata sama da 800 masu cutar jini, inda kashi 44.5 na waɗanda aka ba bitamin suka mutu ko suka ci gaba da gazawar gaɓoɓi a kwana 28, alhali a waɗanda ba a ba ba kashi 38.5 ne. Kuma ga mai ƙarancin G6PD, bitamin C mai yawa ta jijiya na iya fasa masa jajayen ƙwayoyin jini.

A ganina dalilan gazawar ba ɓoyayyu ba ne. Kafin a gane mutum yana da ARDS an riga an yi ɓarnar farko. Ɓurɓushin kuma a ɗan matsatsin da ke tsakanin nutrofil da bangon jijiya suke aiki, cikin ƙasa da ƙiftawar ido, inda maganin da ke yawo a jini bai cika kaiwa ba. Sannan ka tuna yaran da na ambata: macen da bakteriya ke jininta tana buƙatar bilic ɗin nutrofil, ba za a kashe shi gaba ɗaya a ce an taimake ta ba. Jiki ma yana amfani da ɗan feroksayid a matsayin saƙo, har da na tayar da Nrf2, furotin da ke umartar ƙwaya ta ƙara ƙera enzayim masu kariya. Kuma masu ARDS ba iri ɗaya ba ne, tun 2014 aka nuna akwai rukunin da kumburinsu ya yi tsanani da rukunin da nasu bai kai haka ba.

Zogale abinci ne mai kyau ga mai jego, a ba ta. Haka wake, gyaɗa, ƙwai, hanta da kifi, wanda ku a Argungu ba ku rasa shi. Daga irin waɗannan jiki ke samun furotin, zinki, tagulla da seleniyam da yake ƙera enzayim ɗinsa. Amma wannan gini ne na kafin ciwo da na bayansa. Wadda ke haki ko hankalinta ya gushe, ɗura mata jiƙo ko kunu na iya sa ta ƙware, abin ya gangara huhu, a ƙara mata ARDS na biyu a kan na farko.

Abin da ya tabbata yana ceto duk ya koma ga abu biyu, kashe tushen wutar da wuri da kuma daina ƙara wa huhu rauni. Na farko shi ne maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya ba jinkiri, da wanke mahaifa idan guntun mabiyiya ya saura. Mai jego da ke zazzaɓi da jini mai wari, ko numfashinta ya kai 22 a minti tana kwance, ranar za a kai ta asibiti, ba sai an gama suna ba. Na biyu ya haɗa da taka-tsantsan da ƙarin ruwa bayan awon jini, wato BP, ya daidaita, tunda jijiyoyin huhu yoyo suke. A 2000 wani gwaji mai majinyata 861 ya nuna cewa rage yawan iskar da na'ura ke hurawa, daga mililita 12 zuwa 6 ga kowane kilo, ya sauke mace-mace daga kusan kashi 40 zuwa 31, kuma sinadaran kumburi a jininsu ma sun ragu. A 2013 aka nuna cewa kifar da mai ARDS mai tsanani rub da ciki na aƙalla sa'a 16 a yini ya rage mutuwa a kwana 28 daga kusan kashi 33 zuwa 16. Wannan ba ya cin kuɗin magani, hannu da kulawa yake ci. A 2020 kuma deksametason, magani mai arha, ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Tunda ɗalibai kake koyarwa, ga hanyoyin da wannan rauni ke zuwa mana nan gida. Yaro ya sha kananzir da aka zuba a robar ruwa, a ɗura masa manja don ya yi amai. Kananzir a ciki bai kai kananzir a huhu haɗari ba, kuma aman ne ke kai shi huhu. Wanda aka tsamo daga kogi bayan kifewar kwale-kwale a Yauri ko Ngaski, ko ya tashi yana magana, in yana tari ko haki a kai shi a duba shi na wasu sa'o'i, don ruwan ya wanke safaktan kuma kumburin daga baya yake zuwa. Haɗa bilic da maganin wanke masai mai asid a banɗaki rufe yana fitar da iskar kulorin.

Wanda ya fi damuna shi ne maganin ƙona ciyawa mai farakwat, wanda manoman shinkafa suka sani da sunan Gramoxone da wasu sunaye. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, NAFDAC ma ta sanar da haramta shi. A duk ilmin guba babu misalin oksidetif sitires da ya kai shi fitowa fili. Ƙwayoyin huhu da kansu suke zuƙo shi daga jini su tara. A ciki enzayim na jiki su ba shi ilektiron daga NADPH, shi kuma ya miƙa wa oksijin, a sami sufa'oksayid, ya koma yadda yake, ya sake karɓa, ya sake miƙawa. Ba ya ƙarewa da wuri, kuma yana cinye NADPH ɗin da gulutatayon ke buƙata. Kurɓi ɗaya na wanda ba a sirka ba ya isa kisa, kuma ba shi da makari. Da farko baki da maƙogwaro ne ke salewa, mutum ya ga kamar ya warke, sai ƙoda ta tsaya, sannan cikin mako ɗaya zuwa uku huhu ya ƙandare. A wannan guba za ka ga likita ya hana oksijin da gangan har sai lambar ta faɗi sosai, don iskar ita ke ciyar da dafin. Kada a juye shi a kwalbar lemo ko robar ruwa. Idan wani ya sha, kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti cikin sa'a ta farko, lokacin da garin gawayi na asibiti zai iya kama wani abu a ciki, kuma a tafi da galan ɗin maganin, don ruwan feshi iri-iri ne kuma kowanne da yadda ake tunkararsa.